Rabin Ƙwayar Baba Lado

Duk Janfalan an san Baba Lado da abu biyu: mazarƙwailarsa da ake rububi a kasuwar Makarfi, da kuma son girma. A gidansa ko ɗan tsako aka yanka shi ke rabo, kuma ba sai an tambayi inda cinya za ta ba.

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, zamanin Turawa, tari da zazzaɓi suka kama shi ana tsakar saran rake, suka haɗa da ɗansa Inuwa, wanda gonar da dokin matsar rake duk ke hannunsa. Da saiwoyi da sirace suka gaza, aka ɗora su kan jakuna sai ɗakin shan magani na Ikara.

Malam Sama'ila mai ba da magani ya saurari ƙirjinsu, ya ɗauko wata farar ƙwaya. Ya ce Inuwa ya riƙa shan bibbiyu, Baba Lado kuwa rabi-rabi, da ruwa mai yawa.

"Rabi?" in ji Baba Lado. "Malam, duba da kyau. Ni ne uban."

"Na gani, Baba. Maganin sabo ne, kuma a kan sojoji aka gwada shi, majiya ƙarfi. Likita bai gama sanin yadda yake yi wa dattawa ba, shi ya sa muke tafiya a hankali. Zan biyo ku in ga yadda kuka ji."

Baba Lado ya yi godiya, amma a ransa ya riga ya yanke hukunci: yaron nan boko kawai ya yi, ba a koya masa rabo ba. Suna isa gida ya juye ƙunshin biyu a faifai ya gyara kuskuren, shi bibbiyu, Inuwa rabi. Inuwa ya karɓi rabinsa, don wa ya taɓa musu da ubansa a kan kaso? Uwarsa Zulaihatu ta buɗe baki, harara ɗaya ta sa ta rufe shi.

Da farko abin ya yi wa Baba Lado daɗi. Tari ya lafa, ya fito ƙofar gida yana shaida wa masu zuwa gaisuwa cewa maganin Turawa ma ya san babba. Daga nan jiri ya fara ɗibarsa, ƙugu ya riƙe, fitsari ya koma ɗigo-ɗigo. Wannan kam bai shaida wa kowa ba.

Ran kasuwar Ikara da hantsi sai ga Malam Sama'ila a kan keke. Ya shiga ɗakin Inuwa, ya fito fuska ba walwala.

"Yana shan maganinsa kuwa?"

"Yana shan kasonsa," in ji Zulaihatu daga bakin madafa. "Maigida ne ya raba."

Malam Sama'ila ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, ƙoda ce ke fitar da magani daga jiki. Ta Inuwa na kore shi da wuri, shi ya sa rabi bai ishe shi ba. Taka ta yi aikin shekaru, tana tafiya kamar tsohon dokin matsa, maganin sai taruwa yake. Kai yanzu ko rabin ma babu, sai ruwa. Inuwa kuwa ciwon ya sauka ƙirji, in ba a yi hanzari ba ina jin tsoro."

Baba Lado ya dafa bango ya leƙa ɗakin. Ƙaton da ke saɓa damin rake shi kaɗai yana kwance, numfashi da ƙyar, amma da ya ga ubansa sai ya yunƙura zai tashi ya gaishe shi. Tsoro da kunya suka rufe tsohon lokaci guda. Lafiyar ɗansa ya yi ta haɗiya safe da yamma, har yana alfahari.

"Kwanta," ya ce. Ya zauna a gefen tabarma, ya tallafo kan Inuwa, ya sa masa ƙwaya biyu a baki da hannunsa. Bai sake shi ba sai da ya ga maƙogwaro ya motsa.

Zulaihatu ta shigo da ƙwaryar ruwa ta miƙa wa Baba Lado. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Zulai, ashe na tsufa."

"Mun daɗe da sani, Maigida," ta ce. "Shanye, akwai ƙari."