Takun Baba Masinja

Wata uku ke nan da sakatariya ta sayi agogon nan mai ƙirga taku da bugun zuciya, kuma bai tsinana mata komai ba sai tonon asiri. Ta wuni a kujera, shi kuwa ya yi ta zungurin hannunta wai ta tashi ta motsa, sai ka ce uwar miji.

Ran Litinin manaja ya miƙo mata takarda ta buga. Ta sallamar Baba Masinja ce, dattijon da ya shekara ashirin yana yawo da fayil tsakanin hawa huɗu na ofishin.

"Duk sanda na leƙo, yana kan benci yana gyangyaɗi," in ji manaja. "Ranar Laraba zan sa hannu."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da sau biyu yake leƙowa a wuni, shi ne zai san aikin wani? Washegari da safe ta tare Baba a gindin bene, ta ɗaura masa agogon.

"Baba, ka bar shi a hannunka har a tashi. Takunka zai ƙirga."

"To, 'yata. Ashe har ƙafa ma an yi mata akawu?"

Ba ta gaya masa dalili ba. Ta dai zuba ido, ta ga abin da ita kanta ba ta taɓa lura da shi ba. Dattijon nan ya hau, ya sauko, ya sake hawa, fayil a hammata, yana dafa bango a hawa na uku ya ja numfashi, sannan ya shiga ofis da sallama kamar ba abin da ke damunsa. Kunya ta kama ta, don rabin aiken nata ne.

Da yamma ta ja shi gaban manaja, ta kwance agogon ta ajiye a kan takardar.

"Yallaɓai, ga gyangyaɗin Baba na yau. Taku dubu goma sha tara, hawan bene sau talatin da ɗaya."

Manaja ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa. Baba, da sai yanzu ya fahimci abin da ake ciki, ya matso yana murza hularsa.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, lissafin bai cika ba. Na cire shi wajen awa biyu."

Sakatariya ta juyo ta dube shi. Wannan bawan Allah zai ɓata mata shiri da bakinsa!

"Don me?" manaja ya tambaya.

"Lokacin da ka aike ni gidanka da saƙon uwargida, da ɗauko yara daga makaranta. Na ga wannan ba tafiyar ofis ba ce, bai kamata a rubuta wa ofis ba."

Manaja bai ɗago kai ba. Ya zare takardar daga ƙarƙashin agogon, ya ninke ta huɗu, ya ce, "Baba, zauna ka huta."