Lokotoronmu Yana Wendover

Zabeirou shi kaɗai ne lokotoro, wato likita, a yankinmu, arewa da Tanout, har ranar da ya ci cacar bizar Amirka. A Greensboro aka jujjuya takardun karatunsa aka ce ba a san su ba. Yanzu ni da shi muna jera kwalaye a wani sito a Wendover, nan cikin Greensboro. Ni na karanta tarihi, shi ya karanta jikin mutum. Kwali ba ruwansa.

Matata Kaltouma ta rasu bayan tahowarsa, a kan amalanke, a hanyar asibiti. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ranar Talata, muna cin abincin rana, na gaya masa abin da mijin 'yata ya faɗa mini. Dalila tana aure a Damagaram, cikinta ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, kai yana sara. Haihuwar fari ce, za a mai da ita ƙauye goyon ciki, wurin kakarta.

Ya ajiye cokali. "Malam Moctar, kada ta bar Damagaram. Hawan jini ne. In jijjiga ta kama ta a ƙauye, wa zai duba ta?"

"Da kai ne," na ce.

"Gori ba ya sauke jini. Kira su."

Faɗa da sauƙi. Dalila 'yar fari ce, ko sunanta ba na kira da baki, balle in yi zancen cikinta da surukata. Duk da haka na kira Daouda mai shago, shi ke da salula a ƙauyen, ya kai wa tsohuwa.

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, babu sauran wurin ɓuya.

"Inna, maganar yarinyar nan ce. A bar ta ta sauka a birni."

Ta ce, "Moctar, kai da bakinka? Amirka ta cinye maka kunya?"

"Lokotoro ne ya ce jininta ya hau."

"Wane lokotoro?"

"Zabeirou."

Ta yi dariya har da tari. "Wanda ya bar mana ɗakin magani da kwaɗo a ƙofa? Awaki ke kwana a barandarsa. A gaishe shi da aiki."

Zabeirou ya karɓe wayar daga hannuna. "Hajiya, don Allah kada ku ɗauko ta. In ma an ɗauko, gobe da sassafe a sa ta a mota."

Ina jin amsarta daga inda nake zaune.

"Yaro, tun shekaranjiya ta iso. Jiya ruwa ya cika ƙorama, ko raƙumi ba ya ƙetarewa. In kana da magani, taho da shi. In ba ka da shi, ba ni surukina, ban gama da shi ba."