Ƙarfe a Ƙirjin Mushe Barnaba

Hamidu na riƙe da basilla yana ɗinke bakin wani takalmi sa'ad da ihun Saloma ya tsallako katanga.

"Baban Ramatu! Baban Ramatu! Ƙarhe ya danne Mushe!"

Bai bi ta ƙofa ba. Katangar da ta raba gidajensu a Sabon Garin Maradi ba ta wuce ƙirji ba, sai ya taka turmi ya dira. Can ƙarƙashin rumfar kwano maƙwabcinsa Barnaba, malamin motsa jiki a lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko a nan, na kwance rigingine bisa bencin da yake ɗaga ƙarfe. Sandar ta sauka a ƙirjinsa ta mirgino kusa da wuya. Hannunsa na dama na tokare da ita yana rawa, na hagu ya saki yana lilo. Matarsa Saloma na ta jan gefe guda da hannu biyu, ƙarfen ko motsi bai yi ba.

Hamidu ya tsaya ta wajen kai ya kama, ya fizga da ƙarfin hannu kawai. Silifansa ya zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa, saura kaɗan ya faɗa kan mutumin. Shekara tara ke nan yana jin Barnaba na yi wa masu koyo tsawa kowace yamma, bai taɓa zaton maganar ta zauna masa a kai ba. Ya yi wurgi da silifan, ya kafa tafin ƙafa a ƙasa, ya rage tsawo, ya miƙe baya, ya cika ciki da numfashi, sannan ya tura ƙasa da ƙafafunsa. Ƙarfen nan, kilo tamanin da biyar, ya taso har cinyarsa.

"Jawo shi, Madam! Jawo shi!"

Ta jawo mijinta ya zube gefe. Hamidu ya saki, ƙarfen ya faɗa kan benci ya tsaga katakon biyu.

Wani direba mai suna Maman Lawali, ɗaya daga cikin masu koyon ɗaga ƙarfe a gidan, shi ya kawo motarsa mai buɗaɗɗen baya aka kai Barnaba asibiti. Hamidu ya zauna a baya ya ɗora kan majinyacin a cinyarsa. Sai a hanya ya lura bakin Barnaba ya karkace, ido ɗaya ya faɗa. Kwana ashirin da uku rabon da ya kalli fuskar nan kusa haka.

Takalmi ne ya fara haɗa su. Makon da Barnaba ya taso daga Tibiri ya kama haya a gidan, ya leƙo rumfar Hamidu ya ce a ɗinka masa takalmi marar dunduniya, marar soso, ƙasansa shafal, siriri har mutum ya ji tsakuwa. Hamidu ya yi dariya, don shi kullum ƙarin dunduniya ake kawo masa.

"Malam Hamidu, in za ka ɗauki ƙarhe daga ƙasa, ba ka son komi tsakaninka da ita," in ji Barnaba. "Soso na shanye ƙarhinka. Dunduniya na tunkuɗa ka gaba. Kaurin takalmi kuma nisan tahiya yake ƙara wa ƙarhen. Ko a yi mani wanga, ko in tsaya ba takalmi, ga ƙaya ga ƙusa a tsakar gidan nan."

Hamidu ya fere tsohuwar taya har ta yi laushi kamar fata, ya ɗinka mata jar fatar akuya a sama. Sau uku Barnaba na dawo da shi kafin ya ce ya yi. Daga nan duk wanda ya shiga koyo, a rumfar Hamidu yake fara tsayawa a auna masa ƙafa.

Ba a jima ba aikin Hamidu ya ƙaru. Masu koyo da yamma suke zuwa, shi kuwa Barnaba da safe yake nasa kafin ya wuce lakwal, kuma ɗagawar kwance ba a yin ta sai da mai tsaya wa mutum a kai. Kowace safiya sai Hamidu ya shigo ya tsaya ta wajen kan benci, hannuwansa a ƙarƙashin sanda ba tare da ya taɓa ba. Ya haddace ƙa'idojin tsaf: a matse kafaɗu baya, a kafa ƙafa, ɗuwawu kada ya bar benci, babban yatsa ya zagaye sanda, a sauke a hankali, kada a buga a ƙirji. Babbar ƙa'idar, wadda Barnaba ya taɓa korar mutum biyu a kanta, ita ce kada kowa ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe shi kaɗai.

Sai jam'iyyu suka zo. Shekara biyu bayan babban taron ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya aka yi zaɓe, kowane gida ya kafa tutarsa. Hamidu na bayan sabuwar gwamnati, Barnaba na cikin malaman da ke yajin aiki. Tun ana muhawara da dariya a gindin rediyo har wata rana murya ta hau.

"Ku ma'aikata ƙoshi ya yi maku yawa," in ji Hamidu gaban mutane. "Ƙarhin da kuka rasa inda za ku kai shi ne kuke ɗaga ƙarhe da shi."

"Kai mi ka sani game da ƙasa?" Barnaba ya mayar. "Ka tsaya wajen ƙafafun mutane, nan ne iyakar karatunka."

Washegari Hamidu bai shiga ba. Takalmin Barnaba, wanda ɗinkinsa ya ɓalle aka kawo gyara tun kafin faɗan, ya tura shi ƙarƙashin tebur. Tasalla, matar Hamidu, ta ci gaba da miƙa wa Saloma kwanon tuwo ta kan katanga kamar ba abin da ya faru, amma mazan ko gaisuwa. Kowace safiya Hamidu kan ji ƙarar ƙarfe daga rumfar, ya san ba kowa a wajen kai, ya ƙara muryar rediyo.

A asibiti Hamidu ya tare manjo, babban malamin jinya, a baranda.

"Da akwai mutum a kansa, da haka ta faru?"

"Hawan jini ne ya fara buge shi, hannu ya saki," in ji manjo. "Wannan ko mutum goma ne a kansa sai ya zo. Amma haƙarƙari huɗu sun karye, huhu ya taɓu. Wannan kam aikin ƙarhe ne."

Hamidu ya so a ce mutumin ya tsaya a rabin farko na maganar.

Kwana goma sha ɗaya aka yi, Barnaba ya matsa a mayar da shi gida. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke kallon rumfa. Mutumin da riga ke matse wa damtse ya zube, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. 'Yan majami'a na zuwa su yi addu'a su tafi. Hamidu na kawo ruwa, yana kai saƙo, yana ɗaga shi in za a canza shimfiɗa, amma da zarar sun rage su biyu sai ya sami abin da zai fita yi.

Ran nan da hantsi ya zaro takalmin daga ƙarƙashin tebur, ya kaɗe ƙura, ya ɗinke shi da zare biyu, ya shafa mai. Ya shiga ya ajiye shi bakin katifa, ya tsuguna.

Barnaba ya ɗauki ƙafa ɗaya ta takalmin da hannunsa mai lafiya, ya juya, ya danna ƙasan da babban yatsa. Maganarsa ta yi nauyi, sai an kasa kunne.

"Ka ƙara mashi kauri."

"Ban ƙara ba, Mushe."

"Ka ƙara. Kaɗan."

"To, kaɗan. Tayar ta cinye."

Gefen bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga. Ya yi tari mai tsawo, Hamidu ya tallafe shi har ya lafa.

"Saloma ta ce kai ka ɗaga shi. Kai kaɗai."

"Allah dai ya ɗaga."

"Da takalmi?"

"Na yar da silifan."

"Bayanka?"

"A miƙe."

"Numfashi?"

"Na riƙe a ciki."

Barnaba ya lumshe ido. "Shekara tara ina nema ka taɓa ƙarhe ka ƙi. Ashe kana ji."

Nan Hamidu ya kasa daurewa. Ya dafe goshi. "Mushe, kullum ina jin ƙarar. Kullum. Na san ba kowa a kanka. Taki goma ne tsakanina da kai ban zo ba. Ka yahe mani."

"Ni ma na san kana ji," in ji Barnaba a hankali. "Don ka ji nake ƙara nauyi. In nuna maka ba na bukatar kowa. Ni na kafa ƙa'idar, ni na karya ta." Ya huta, ya nemi numfashi. "Maganar ƙafafun mutane da na yi maka, ita ta hi damuna. Duk wanda ya ɗaga wani abu a gidan nan, bisa aikinka ya tsaya. Kai ma ka yahe."

"Na yahe duniya da lahira."

"Amma gwamnatinku ba ta da gaskiya."

"Sai ka warke mu ƙarasa."

Saloma, da ke bakin ƙofa da kwanon kunu, ta juya ta koma madafa ba ta shigo ba.

Da yamma Barnaba ya sa aka kira Maman Lawali. Ya ce ya kwashe ƙarafan zuwa Jiratawa, inda wasu manoman rani da ya koya wa suke da rumfa, ya kuma sa shi ya maimaita babbar ƙa'idar sau biyu a gabansa, kamar ɗan aji. Ƙaton direban nan ya maimaita yana share hanci da bayan hannu.

Barnaba ya ƙara kwana huɗu. Zazzaɓi ya shigo a na biyu bai sake fita ba. Ranar Alhamis, ana kiran la'asar a masallacin unguwa, Hamidu ya miƙe zai tafi alwala, sai Saloma ta ce, "Baban Ramatu, dakata kaɗan." Ya dawo ya zauna ta wajen kai. Ita tana riƙe da hannun dama tana karanta Zabura ƙasa-ƙasa. Numfashin ya yi ta nisa da juna, ɗaya, sai a jira, sai wani. Suka jira na gaba bai zo ba. Saloma ta kai ƙarshen ayar da take kai tukuna, sannan ta rufe littafin. Hamidu ya sa tafin hannu ya shafe idanun.

A Tibiri aka binne shi washegari, kusa da iyayensa. Mutanen Sabon Gari suka cika mota biyu, masu tutar nan da masu waccan a bayan mota ɗaya, ba wanda ya ɗaga zancen. Hamidu ya tsaya a inuwar bishiyar bedi a ƙofar majami'a har aka gama waƙoƙi, da aka fito da akwatin kuma ya sa kafaɗa tare da malaman lakwal.

Da za a komo, gari ya yi luf da hadari, gero ya kai gwiwa dama da hagu na hanya. Mata na zaune a tsakiyar motar bisa tabarma. Kafin a yi nisa barci ya kwashe Saloma, karo na farko cikin kwanaki, kanta ya faɗa a kafaɗar Tasalla. Tasalla ta ja gefen mayafinta ta rufe mata fuska saboda iska, ta ɗaga wa Hamidu hannu. Ya ƙwanƙwasa rufin motar a hankali, Maman Lawali ya rage gudu. Haka suka shigo Maradi sannu-sannu, masu keke na wuce su.