Baba Yana Cikin Motar

Tun da kamfanin ƙera motocin ya sanar da cewa a dawo da wasu motocinsa a gyara, aikin Auta ya koma abu ɗaya, wato kiran mutane a waya. Teburinsa yana lungun ɗakin karɓar baƙi na dillalin motocin, tsakanin tukunyar fure ta roba da tagar da ke kallon gareji. A ido matsalar ba ta kai ta kawo ba. Maɓallin kulle ƙofa ne da ke jikin ƙofar direba; idan danshi ya shige shi sai wayoyinsa su haɗe, ƙofofin duka su kulle kansu su ƙi buɗuwa, wani lokaci ma robar ta ɗau zafi har ta yi hayaƙi. Auta ya haddace wannan bayani har yana jin sa a mafarki. Yakan ƙare kowane kira da gargaɗi guda: kafin a gyara, kada a bar makulli a ciki, kada kuma a bar mutum a ciki.

Da hantsin ranar wani dattijo ne a kan layi.

"Ranka ya daɗe, gyaran kyauta ne, ba za ka biya komai ba."

"Kyauta? A wannan zamanin? Ɗana, muryarka ta masu tarbiyya ce, ka je ka nemi sana'ar kirki ka bar damfara."

"Wallahi daga wurin dillalin nake kira, ranka ya daɗe."

"To ka gaishe da dillalin."

Matar da ke teburin kusa, wadda kowa ke kira Anti, ta ƙyalƙyale da dariya. "Sannu ɗan damfara mai ladabi. Wannan na nawa ke nan yau?"

Sai wayarsa ta aljihu ta hau kaɗawa. Yayarsa ce. Ba ta kiran sa a lokacin aiki, kuma ya san inda take a irin wannan rana: asibitin da take kai mahaifinsu gashin ƙashi. Ya ɗaga da sauri.

"Auta." Muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar mai gudun a ji. "Motar ta kulle. Baba yana ciki."

"Makullin fa?"

"Yana jiki. Na bar masa sanyi a kunne, na shiga ɗauko keken marasa lafiya. Ina fitowa na ji ƙas."

"Yaya! Ban ce miki ba? Ban faɗa miki ba?"

"Ka faɗa. Ka zo dai."

Motar tana cikin waɗanda aka ce a dawo da su. Auta da kansa ya sa ta a layi, kayan gyaran kuwa kaɗan-kaɗan suke isowa. Ya taɓa cewa zai roƙi shugaban gareji a tsallako da ita gaba, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya hana. Tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsayar da manya a layin tikiti, ba zai yarda a ce ɗansa ya yi masa hanya ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama da rabin harshe, amma bai taɓa masa wannan hali ba. Akwai kuma wata doka da ya kafa tun da ya fara fita: ba a ɗaga shi a gaban mutane. Saboda haka Yaya ba ta tsayawa a ƙofar asibiti inda ma'aikata ke jiran marasa lafiya. Sai ta zagaya baya, wajen tankin ruwa, ta bar shi a mota ta shiga ta turo keken da kanta, ta sauke shi a inda ba idon kowa.

"Ɗayan makullin yana ina?"

"Yana aljihun maigidana, shi kuma ya yi tafiya."

"Kin kira mutane?"

Ya ji tana kiran Baba ta gilashi.

"Yaya, kin kira mutane?"

"Na juya zan kira, ya buga gilashi ya girgiza mini kai. Ka san shi." Sai ta ce, "Auta, kamar ina ganin hayaƙi a ƙofar direba."

Bai san lokacin da ya ture kujera ba. Ya faɗa gareji, ya fizgi guduma daga kan teburin wani bakanike, shugaban gareji yana ƙwala masa kira yana tambayar lafiya, bai waiwaya ba. A bakin titi ya tare mai babur ya haye. Mai babur ya dubi gudumar ta madubi, ya ce, "Malam, in faɗa za ka, ni a nesa zan ajiye ka."

"Mahaifina ne. Don girman Allah ka yi sauri."

Daga nan mai babur ya ƙara wuta. Ya riƙa kutsawa tsakanin motoci har gwiwar Auta tana gogar ƙarfe. Duk abin da Auta ya karanta a kan matsalar ya riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɗaya mai daɗi. Maɓallan gilashi a jikin allo ɗaya suke da na kullewa, idan wannan ya ƙone su ma sun mutu. Abin buɗe murfin inji a ciki yake, don haka ba a isa ga batir daga waje. Na'urar sanyin da Yaya ta bari don jin daɗin Baba, iskar cikin motar take juyawa, ita za ta riƙa kai masa hayaƙin har hanci.

Bayan asibitin ba kowa sai Yaya da keken marasa lafiya a gefe. Tana tsaye ta manna tafukanta a gilashi, mayafinta ya zame bai dame ta ba. Motar tana ta ruri a hankali kamar ba abin da ya faru. Auta ya ja ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ko motsi. Ya leƙa. Hayaƙi siriri, fari-fari, yana fitowa daga gefen maɓallin yana taruwa a rufin motar. Baba yana zaune a kujerar gaba, bel ɗin kujera ya ɗaure shi, ƙofar tana ɓangarensa da ya mutu. Da alama ya yi ta miƙa hannun hagu ya kama marikin ƙofa har ya zame ya karkace, kafaɗarsa ta jingina da gilashi. Idanunsa sun yi ja, hawaye na zuba, yana tari irin na wanda ƙirjinsa ba shi da ƙarfin tari.

"Baba! Baba, ni ne. Zan fasa gilashin baya."

Baba ya ɗago ya ga gudumar. Ya ɗaga yatsa ya kaɗa, sau ɗaya, kamar yadda yake yi musu tun suna yara. Sannan ya nuna wajen ƙofar asibiti, inda wasu mata biyu suka fara leƙowa, ya sake girgiza kai. Auta ya gane. Ƙarar gilashi za ta tara jama'a.

"Ko mu jira a zo da mai buɗe makulli?" in ji Yaya. "Ka ga ya ce a'a. Auta, ya ce a'a."

Tun da aka haife shi bai taɓa tsallake wannan yatsa ba. Makarantar da Baba ya zaɓa ita ya yi, aikin da Baba ya ce ya karɓa shi ya karɓa. Ya tsaya da guduma a hannu, hannun ya yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Sai ya ga kan Baba ya sunkuya, ya ɗago da ƙyar, ya sake sunkuyawa.

"Ka yafe mini, Baba."

Ya zagaya bayan kujerar direba ya kai wa gilashin duka a tsakiya. Gudumar ta dawo masa. Ya sake, ta sake dawowa. Sai ya tuna a kusurwa ake bugu, ya tattara ƙarfinsa ya sauke ta a can, gilashin ya tarwatse ya zube kamar tsakuwa. Wari mai ɗaci na ƙonanniyar roba ya bugi fuskarsa. Ya zura hannu ya ja sakatar ƙofar, ta ɗago ta koma da kanta, ƙas. Ya sake ja, ta sake komawa. Maɓallin da ya lalace yana riƙe da ƙofofin duka, ba ya saki.

Ya kutsa ta tagar da ka, gilashi yana yankar cikinsa, ya faɗa kujerar baya. Ya miƙa ya kashe injin. Hayaƙin bai tsaya ba, domin maɓallin daga batir yake sha kai tsaye, kuma yanzu robar ta fara narkewa tana ɗiga a kan abin buɗe murfin inji, wani ɗan harshen wuta shuɗi yana lasar gefenta. Ya kwance wa Baba bel. Ya gwada janyo shi baya ta tsakanin kujeru, amma jikin da rabinsa ya mutu nauyinsa ya ninka, ƙafar dama kuma ta maƙale a ƙasa. Hanya ɗaya ta rage, tagar da Baba ke jingine da ita, kuma mutum ɗaya a ciki da mace ɗaya a waje ba za su iya fitar da shi ta nan ba.

"Yaya, kira mutane!"

Ta dubi Baba. Baba ya buɗe ido ya dube ta.

"Kada ki dube shi, ni za ki duba! Ki yi ihu!"

Yaya ta juya ta kurma ihu irin wanda Auta bai taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Nan da nan bayan asibitin ya cika: maigadi, ma'aikatan jinya, masu jiran ganin likita, mai babur ɗin da ashe bai tafi ba, har da mai sayar da lemo a bakin ƙofa. Auta ya miƙa wa maigadi gudumar ta tagar baya. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe kan Baba da ita, ya rungumo shi ya janye shi daga jikin gilashin. Ta ƙarƙashin rigar ya ji Baba yana faɗin wata magana da ba ta fita, hannunsa na hagu yana dukan ƙirjin Auta, duka marar ƙarfi.

"A kusurwa, maigadi! Buga!" in ji Auta.

Gilashin ya zube a bayan Auta. Wani ya shimfiɗa bargo a bakin tagar. Hannuwa suka shigo, hannuwan mutanen da Baba bai taɓa gani ba, suka kama hammatarsa, suka kama wuyan rigarsa. Auta ya ciro ƙafar da ta maƙale ya tura daga ciki. Aka zaro tsohon shugaban tasha ta taga, kai a gaba, rigarsa ta naɗe har ƙirji, takalmi ɗaya ya faɗi.

"A hankali da tsohon!"

"Riƙe ƙugun, kai, ƙugun!"

"Wayyo, bawan Allah, har ya jiƙa wandonsa," in ji wata mata, da ƙarfin da kowa ya ji.

Auta ya biyo shi ta tagar ya zube a ƙasa yana tari. Wani ma'aikaci ya zo da tukunyar kashe gobara ya feshe ƙofar direba har motar ta koma fara. Ba a bi ta kan keken ba. Mutum huɗu suka ɗauki Baba a hannu, suka ratsa da shi ta tsakiyar jama'a, ta babban zaure, kowa yana miƙa wuya yana sannu. Idanun Baba a rufe suke gam, ba rufewar suma ba.

Auta ya zauna a benci a bakin ɗakin da aka shigar da shi, daga shi sai singileti. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo tana cire masa ɓarɓashin gilashi daga hannu da ciki tana yi masa faɗa a kan ya daina motsi. Bai ji zafin ba. Kunnensa yana kan ƙofar. Ya ji an ce a kawo iskar numfashi, ya ji tari, ya ji shiru, shirun ya fi tarin tayar masa da hankali. Da likita ya fito ya ce hayaƙin bai yi nisa a huhu ba, za a riƙe shi a ga yadda zai kwana, sai Auta ya jingina da bango ya yi hamdala.

Can Yaya ta fito, idanunta sun kumbura. Ta tsaya a kansa.

"Ya yi magana?" in ji Auta.

"Ya juya fuska bango. Na yi masa sannu bai kula ni ba. Ma'aikaci ya zo zai canza masa kaya, ya ture shi."

Auta ya sunkuyar da kai. "Ba zai ƙara duban fuskata ba, Yaya."

"Ni dai ban sani ba." Ta miƙo masa wando na asibiti a ninke, da tawul. "Na tambaye shi ko in kira Umma ta zo daga gida, ya girgiza kai. Na ce to wa? Ya daɗe yana fama da harshensa kafin ta fito. Ya ce Auta."

Tun da ciwon ya kwantar da Baba, mahaifiyarsu kaɗai ke yi masa wannan hidima, ƙofa a rufe. Auta ya karɓi kayan ya miƙe. A bakin ƙofar ya tsaya ya goge tafukansa a jikin singiletin, ya yi sallama da ƙaramar murya. Ba a amsa ba. Ya shiga, ya ja labulen gadon har ƙarshe, ya duba ta kowane gefe ya tabbatar ba wata kafa da ta rage, sannan ya durƙusa ya fara cire wa Baba takalmin da ya saura.