Mamar Hawan Ƙasa

"Wannan gadar ma Mama ce ta fara kawo ni," in ji Auta, tana nuna wa Inna ta tagar bas.

Inna ta gyara mayafinta, ko kallon gadar ba ta yi ba. Karo na huɗu ke nan tun safe. Kwananta uku da sauka a ƙasar nan don ganin 'yarta, amma duk inda suka sa ƙafa sai ta tarar wata ta riga ta. Kasuwar kifi, Mama. Lambun da ake jefa wa agwagi burodi, Mama. Ita wannan Mamar wata tsohuwa ce 'yar firit da ke zaune a hawan ƙasa na gidan da Auta take haya, kanta fari fat, ba ta jin Hausa ko ta sallama. Jiya ta hauro da kwano a rufe, har da shafa kumatun Auta a gaban Inna. Abin ya tsaya wa Inna a rai. Kishi ne tsagwaronsa, ita ma ta sani.

"Ke ba ki da uwa ne, da kika zo nan kika tsinci wata?"

Auta ta yi dariya. "Kai, Inna! Kowa a gidan haka yake ce mata."

"Ni dai ban ji kowa ba, ke na ji."

Suka sauka a gindin wata tsohuwar hasumiya wadda Auta ta ce daga samanta ana ganin garin kaf. Matakala ce zalla, mai murɗewa. Auta ta shige gaba, Inna na biye da ita tana haki.

Shekara talatin Inna ta yi tana aikin jinya a ɗakin 'yan tiyata, ta san tafiyar wanda aka yi wa aiki ko daga nesa. Ba su yi nisa ba ta lura: Auta kan ɗora ƙafar hagu, sannan ta jawo ta dama ta ajiye kusa da ita, hannunta dafe da gefen mara. Da alama ba ta ma san tana yi ba.

Da suka kai wani lungu inda ba kowa, Inna ta riƙo hannunta.

"Ɗaga rigarki."

"Inna, a nan?"

"Na ce ki ɗaga."

Tabo ne mai tsawon yatsa, bai gama dushewa ba.

"Wata biyu ke nan," in ji Inna.

"Da sati ɗaya." Muryar Auta ta yi ƙasa. "Tsoron hawan jininki na ji. Ko na faɗa miki, biza ba ta fitowa a kwana ɗaya."

"Wa ya riƙa wanke miki?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake magana."

"Ita ce. Safe da yamma, kwana goma sha biyu. Da ƙyar take hawa benen gidanmu, amma ba ta taɓa fashi ba."

Inna ta durƙusa a kan matakalar, ta zaro tabarau ta sa. Ta bi tabon da babban yatsa, yadda take duba aikin ɗalibai a da. Aibu take nema: kumburi, ko inda ya taɓa yin ruwa, ko inda ɗinkin ya buɗe. Da ta samu ko ɗaya, Allah ya yafe mata, da ta ji sanyi a ranta. Ta bi daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ta sake dawowa. Babu. Ko ita ce ta yi jinyar, iyakar abin da za ta yi ke nan.

Ta sauke wa Auta rigar, ta ja ta ta daidaita.

"Mu ƙarasa, Inna? Saura kaɗan, har filin jirgi za ki hango."

"Na ga abin da zan gani. Mu sauka. Ki riƙe ƙarfen nan, a hankali."

Wannan karon Inna ce a gaba. Sai da suka kusa ƙasa ta yi magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"Da yarensu, yaya ake cewa na gode?"