Kyamara Mai Zuga-zugi Biyu

Baba ya fita da safe da kyamararsa a kafaɗa, bai dawo ba. Mantuwa ta daɗe tana cinsa, wani lokacin sunana ma sai ya lalubo. Wanka kawai na shiga, na fito na tarar da ƙofa a buɗe.

A ofishin 'yan sanda suka ce in kawo hotonsa. Na zazzage akwatinsa kaf: amare, jarirai, 'yan ƙwallo, har da akuyar wani, amma babu fuskarsa ko ɗaya. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sa jama'a su ɗaga haɓa bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Tsoho mai furfura da farar riga kuwa, kowane layi akwai irinsa. Sai na koma kwatanta kyamarar, don ita kam ba ta da ta biyu.

Nan ma bakina ya cuce ni. Fatar nan mai naɗewa da ke tsakanin akwatin kyamara da gilashinta, Baba zuga-zugi yake ce mata, haka na taso ina ji. Duk wanda na tambaya ko ya ga tsoho da zuga-zugi sai ya nuna min layin maƙera. Na yini cikin hayaƙi da ƙarar guduma, har wani maƙeri ya ɗauko nasa yana tambayata ko irin wannan ne. Saura ƙiris in kwaɗa masa shi a ka. Yayana kuma yana can nesa, aikinsa kira a waya yana tambayar yadda aka yi na bar ƙofa. Abinci ya gagare ni, in motar asibiti ta wuce sai in bi ta da kallo.

Kashegari wani mai gyaran agogo ya sa na zana masa abin a bayan kwali. Ya ce wannan ai aikin mai gyaran kyamara ne, yana saman benen da ake sayar da wayoyi.

Ɗakin ƙarami ne, warin man inji ya cika shi. Mai gyaran bai ko ɗago ba, sai jero tambayoyi yake kamar likita. Akwatin katako ne ko ƙarfe? Na ce katako. Fatar ɗaya ce? Na ce biyu, baƙa da ja, an haɗa su da bakin gwangwanin madara. Nan ya ajiye sukundirebansa. Ya tambayi gilashin, na ce na tsohon majigi ne, Baba da kansa ya ɗaura shi.

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da kyamarar. Na zauna a kan kwali.

Ya ce jiya da hantsi wani dattijo ya kawo ta, yana kukan ta daina ganin mutane, komai dishi-dishi. Shi kuwa da ya duba, lafiyarta ƙalau. Da gangan aka juya gilashin baya a gaba, aka ƙara tsawon fatar, don sake ɗaukar ƙananan tsofaffin hotuna dab da dab. Abin da ya wuce taƙi ɗaya ba ta ganinsa. Ya yi wa dattijon bayani, dattijon ya ce wane sakarai ne zai yi wa kyamara haka.

Ban san na riƙe hannun rigarsa ba. "Ina ya nufa? Don girman Allah ka tuna."

"Hajiya, bai faɗi unguwa ba. Cewa ya yi zai dawo ya karɓa, bari ya je ya ɗauko 'yarsa daga makaranta, an kusa tashi."

Ni kaɗai ce 'yarsa, kuma babban ɗana ya kusa aure.

Ban san yadda na sauko benen ba. Firamarenmu an rushe ta tuntuni, ɗakin ajiyar siminti aka gina a wurin, sai tsohuwar ƙofar ƙarfen da aka bari. Na tari mai babur, yana gudu ina ce masa ya ƙara.

Yana nan zaune a kan bulo a gefen ƙofar, rigarsa ta yi furu-furu da ƙurar siminti, takalmi ɗaya a ƙafa. Mai gadi ya ce tun jiya yake korarsa yana dawowa, ruwa ma da ƙyar ya karɓa. Na durƙusa a gabansa ina kuka. Ya dube ni da ladabi, ya ɗan karkata kai don ya ga ƙofar ta bayana.

"Baiwar Allah, an tashi 'yan aji biyu kuwa? Yarinyata tana tsoron tsallaka titi."

Na share fuskata da bakin mayafi, na miƙa masa hannu.

"An tashi, Baba. Ta riga ka gida, ita ta ce in zo in tafi da kai."