Katangar Bakin Lungu

"Ku kama ta nan! Kai, tallafi kansa mana!"

Tela ne ke ihu. Baba Direba, maƙwabcinsa na bayan gida, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa da magana a baki. Aka ture almakashi da ƙyallaye daga teburin yanka, aka kwantar da tsohon a kai, maza huɗu suka ɗauka. Mai tasi ya iso, amma yana can bayan katanga yana ta danna hon.

Katangar nan ita ce masifar. Hukumar gari ce ta toshe bakin lungun da bulo, ta mayar da filin gaba wurin ajiye motoci, ba ta tambayi kowa ba. A da, kana leƙowa ka ga titi. Yanzu sai ka zaga ta bayan gidaje, ta wata 'yar hanya da mutum biyu ba sa jerawa.

Baba Direba motar asibiti ya tuƙa har ya yi ritaya, kuma mutum ne mai naci kamar ciwon haƙori. Shi kaɗai ya kai hukumar kotu. Alƙali bai ko shiga maganar katanga ba. Ya ce ƙofar gidan tsohon babban titi take kallo, abin bai taɓa shi ba, don haka ba shi da hurumin ƙara.

Daga ranar ya mayar da bencin Tela wurin zamansa.

"Ɗana, lauya ta ce kai ne ke da hurumin shigar da ƙarar. Shagonka da gidanka duk a cikin lungun suke. Ba cewa za a yi katanga ta yi muni ba, tambaya ce kawai: sun bi doka? Sun ji ta bakin mutane kafin su gina?"

"To, Baba, bari sati mai zuwa."

"Lokacin da doka ta bayar yana ƙarewa fa. Ni na san lungun da mota ba ta shiga. Na sha tsayawa a bakin irinsa ina jiran a fito min da mutum."

Sai Tela ya sunkuyar da kai ya taka keken ɗinki da ƙarfi, ƙarar ta cinye sauran maganar. Ai shi ke ɗinka wa masu sharar hukumar yunifom, kowa ya sani, amma tsohon bai taɓa goranta masa ba. Yau ma abin da ya kawo shi ke nan, har da 'yar dariyarsa: "Satin naka bai iso ba har yanzu?"

A kwanar 'yar hanyar teburin ya cije. Suka karkata shi, suka ja da baya, suka sake gwadawa, bango na goge musu fatar yatsu. Dole suka sauke tsohon suka rungume shi, kowannensu ƙafa ɗaya a kwata. Tela ne ke riƙe da kafaɗunsa, kuma shi ya fara jin jikin ya saki, ya ƙara nauyi. Da suka fito titi, mai tasi ya duba fuskar, ya cire hularsa, ya kashe mota.

Da yamma 'yar marigayin ta zo shago karɓar sandarsa da takalminsa.

"Mun gode, Yaya. An ce kai ka riƙe shi har ƙarshe. Kullum cewa yake kai mutumin kirki ne, tsoro ne kawai, kuma za ka je kotun."

Kunya ta rufe Tela, ya ji da ma zaginsa ta yi. Ya miƙa mata sandar ba tare da ya ɗago ido ba. Takalmi kuwa ƙafa ɗaya aka samu.

Sai da ta tafi ya hango ɗayan a gindin katanga, inda aka shure shi garin gaggawa. Ya ɗauko, ya kaɗe ƙurar da gefen rigarsa, ya ajiye a kan tarin yunifom ɗin da bai gama sa wa maɓalli ba. Ya zauna a gaban keke, ƙafarsa a kan feda, bai taka ba.